Farantin Gishirin Umma

Shekarun baya, ina ajin ƙarshe a jami'a, aikin binciken da aka ba ni a kan gishiri ne. Za a ɗora ɗan wani sinadari a jikin ƙwayar gishiri, a haska masa fitila mai ƙarfi, a ga yadda hasken zai sauya shi. Ni a ganina babban ilimi nake yi. Mahaifiyata kuwa, duk baƙuwar da ta shigo gidanmu a Gyaɗi-Gyaɗi sai ta nuna ni ta ce, "Ga nawa nan. 'Ya'yan mutane suna karatun likita, shi gishiri yake karantawa."

A daminar shekarar ne wuyan ƙanwata ya fara kumbura. Da farko da mayafi take rufewa, daga baya ta daina zuwa islamiyya saboda kallon da ake yi mata. A asibiti aka ce maƙoƙo ne yake farawa. Likita ya rubuta magani, ya ce a tabbatar gishirin gidan mai sinadarin aidin ne, in ba haka ba kumburin zai iya ci gaba. Umma ta ce ai shi muke ci, na leda. Gaskiya ta faɗa, don ni nake sayo mata a kasuwar Tarauni.

Wata Asabar ina alwala a tsakar gida, idona ya kai kan katanga. Faranti ne cike da gishiri, rana tana dukansa. Tun ina yaro nake ganin farantin nan. In gishiri ya yi danshi sai Umma ta baza shi a rana, gobe ya sake jiƙewa, ta sake shanyawa. Ban taɓa kawo komai a raina ba sai ranar. Aidin ɗin ɗan kaɗan ne, kuma a jikin ƙwayar yake maƙale. Ga danshi, ga iska, ga hasken rana. Abin da nake haɗawa da gangan a ɗakin gwaji, shi Umma take haɗawa a kan katanga ba ta sani ba.

Da na faɗa mata sai ta ce, "Kai, tafi can! Tun ba a haife ka ba nake shanya gishiri. Ƙafa gare shi da zai gudu?"

Ban yi musu ba, na san abin da na sani. Na sayo sabuwar leda na raba biyu. Rabi na rufe a kwalba cikin kabad, rabi na ba ta na ce ta yi yadda ta saba. Bayan wasu makonni ana shanyawa ana ɗaukewa, na roƙo ruwan gwaji a wajen malamina, irin wanda yake komawa shuɗi in ya taɓa aidin. Na ce ta ɗiga da hannunta. Na kwalba ya yi shuɗi har da duhu. Na katanga kuwa ya fito a koɗe, kamar tsohon zanen da ya sha wanki.

Har na gyara tsayuwa zan yi dariyar nasara, sai na ga ba ni take kallo ba, wuyan ƙanwata take kallo. Ta zauna a bakin baranda, ta ce a hankali, "Ashe ni na yi mata?"

Ƙanwata ta harare ni ta ce, "Yaya, ka ga abin da ka jawo ko?" Na durƙusa na ce, "Umma, likita bai ce abu ɗaya ne yake kawo shi ba. Ke gishiri kika busar don ki yi mana miya. Daga yau a rufe shi, shi ke nan."

Daga ranar farantin bai sake hawa katanga ba. Ƙanwata ta ci gaba da shan maganinta, kumburin ya sauka a hankali, ta koma islamiyya.

Har yau ina alfahari da gwajin nan, kuma da za a maimaita zan sake yi. Sai dai tun daga lokacin, kafin in nuna wa mutum gaskiya nakan fara duba inda za ta faɗo masa.

Kwanaki na je gaishe da Umma, na zauna a tsakar gida ina latsa waya. Sai na ji muryarta daga kicin: "Malamin gishiri, taso daga ranar nan, kar ɗan abin da ya rage a kanka ya gudu."