Amyar Baba Yamusa ta Ƙarshe

Baba Yamusa manomi ne ɗan Gbagyi, haifaffen Kurudu tun kafin gidajen bulo su cinye rabin gonakin garin. Abin da ya gada wurin mahaifinsa amya ce guda tara, ɗaure a bishiyoyin ɗorawa a gindin dutse. Ya fi sanin halin ƙudan zumansa fiye da na 'ya'yansa, matarsa Rosemary ce shaida.

Cikin shekara uku amya takwas suka mutu, kuma abin ya ɗaure masa kai. Ba gobara, ba ɓarawo, ba tururuwa. Ƙudan dai sukan fita da safe, kaɗan su dawo, waɗanda suka dawo ɗin ma su yi ta kewaya bishiya kamar baƙi. Ya zargi dogon ƙarfen kamfanin waya. Ya zargi hayaƙin janareta. Har maƙwabcinsa Obadiah ya zarga, ya daina gaishe shi wata biyu, bawan Allah bai san laifinsa ba. An yi addu'a a coci, an yi ta gargajiya a ɓoye. Saura amya ɗaya, tsohon yana tsoron ta tafi.

Ana cikin zafin farkon damina 'yarsa Juliet, mai aikin jinya a Gwarinpa, ta zo hutu ta bi shi gona. Tun da bayansa ya fara ciwo ya ajiye fartanya ya koma feshin maganin ciyawa. Da ya gama, ya ɗauraye injin feshin, sannan ya juye ruwan a wani kwarmin dutse. Nan take ƙudan suka yi dafifi a bakin ruwan.

"Baba, me kake yi haka?"

"Ruwa nake ba su mana. Babana ma nan yake zuba musu. Ba ka zubar da ruwa a ƙasa lokacin zafi, dabba tana jin ƙishi."

"Da ruwan kemikal? Tun yaushe?"

Ya ƙirga da yatsu. "Tun da na sayi injin. Shekara uku ke nan."

Da ya ji abin da bakinsa ya faɗa sai ya lura lokacin ya zo daidai da mutuwar ƙudan, amma bai yarda ba. "Ai na ciyawa ne. Mai shago ya ce ba ya kashe ƙwaro. Kin ga ko ɗaya ya mutu a nan?"

"Ba dole ya mutu a nan ba, Baba."

Ya duba kwarmin, ya duba amyar. Shi da yake tashi da rana tsaka don kada su kwana da ƙishi? Ya cire hularsa ya shiga kwashe ruwan da ita yana watsarwa, ƙudan suna harbinsa a hannu bai ko kaɗa su ba.

"Juliet," ya ce, "gobe ki raka ni gidan Obadiah."