Hannu-Waje da Sanyin Dattijuwa

Yayana shekararsa talatin da huɗu yana tuƙa a-kori-kura guda, kuma a tsawon shekarun nan ban taɓa ganin hannunsa na gefen taga a cikin mota ba. Kullum gwiwar hannun tana kan ƙofa, tafin yana sama yana amsa gaisuwa. Shi ya sa duk layinmu ba mai kiransa da wani suna sai Hannu-Waje. In ya tuɓe riga sai ka rantse hannuwan na mutum biyu ne, ɗaya nasa, ɗaya ya aro a wurin mai gawayi.

Motar kuwa Dattijuwa muke ce mata. Shuɗiya ce a da, yanzu launinta sai dai a bar wa Allah sani. Giyarta a jikin sitiyari take, kujerarta doguwa ce kamar benci, kuma a ƙarƙashin ƙafar fasinja akwai wata huda da za ka iya kallon titi ta cikinta. Amma ba ta taɓa barinsa a hanya ba. Katako, kwanon rufi, siminti, gadon masu tashi daga haya, duk ta ɗauka. Yaya ba shi da tasha, wayarsa ma in ta yi ƙara sai ya ga dama yake dubawa. Tagar nan ce ofishinsa. Yana tafe a hankali, wani ya ƙwala masa kira daga bakin shago, ya taka birki, a gama magana injin bai mutu ba.

Ni tela ne, shagona yana bakin layin, don haka komai a kan idona aka yi.

Wata rana da tsakar zafi ya sauke siminti, jiri ya ɗebe shi, ya zauna daɓas a gindin taya. 'Yarsa ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta kalli lambar, ta kalle shi, sannan ta miƙa hannu ta cire makullin mota daga jikin ƙusa.

"Baba, jininka ya hau, kuma motar nan tanda ce. Ko dai a sa mata esi, na'urar sanyaya mota, ka riƙa rufe gilashi, ko makullin nan ya koma jakata. Zaɓi ɗaya."

"Mamana, motar da ta girme ki za a sa wa esi? Ai kamar a ba kaka takalmi mai tsini ne."

"To kakar za ta koyi tafiya da shi." Ta juyo gare ni. "Baba Ƙarami, kai ne shaida."

Na ce, "Ni shaidar mai ƙarfi ne, kuma ke ce da allura."

Haka muka kai Dattijuwa garejin Mai Sanyi, wani ɗan gajeren mutum da bai taɓa cewa wani aiki ya fi ƙarfinsa ba. Ya zagaye ta sau uku, ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya yi fito.

"Maigida, wanda ya ƙera motar nan bai san akwai wani abu wai shi sanyi ba. Amma za ta yi. Ko katifa ka kawo min zan sa mata esi."

Kwana tara aka yi, kuma duk taran Yaya yana zaune a kan wata tsohuwar taya yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Da farko babu inda kwamfuresa za ta zauna a jikin injin, sai da mai walda ya ƙera mata kujera da ƙarfe mai kauri, aka ƙara bel. Aka rataye akwatin hura iska a ƙarƙashin dashbod. Ranar gwajin farko sanyi ya zo kam, amma kafin mu kai ƙarshen layi lagireto ya tafasa kamar butar shayi. Aka ƙara fanka ta lantarki a gabansa. Fankar ta shanye batir. Aka sauya abin cajin da wanda ya fi girma. Ni dai na ce da Mai Sanyi, in aka ci gaba a haka lambar motar ce kaɗai za ta rage ta asali.

Da aka gama da injin sai aka ga sanyin yana guduwa ta ko'ina. Aka toshe hudar ƙasa, aka sa sabuwar roba a bakin ƙofofi. Saura wasu 'yan ƙananan tagogi masu kusurwa uku irin waɗanda tsofaffin motoci suke da su a gaban babban gilashi, waɗanda ake turawa su juya. Nata sakatarsu ta karye tun tuni, sai kaɗawa suke yi. Mai Sanyi ya bi su da baƙin gam ya liƙe ruf.

Ranar da muka fito da ita na ji sanyi a wuraren da ban san ina da su ba. Yaya ya murɗa gilashi har sama, ya gyara zama, ya ce, "Ka gani ko? Na gaya maka za ta ɗauka." Shi da ya ce kaka da takalmi! Abu ɗaya na lura da shi: hannun nan nasa ya rasa inda zai sa kansa. Ya hau sitiyari, ya sauka cinya, ya koma sitiyari, kamar baƙon da ba a nuna wa wurin zama ba.

Ashe mun toshe wa sanyi hanyar fita, mun toshe wa mutane hanyar shiga. Gilashi a rufe, akwatin iska yana ruri kamar injin niƙa, Yaya ba ya jin komai daga waje. Mai Katako, abokin cinikinsa na shekara talatin, ya kira shi ranar farko, ya wuce. Rana ta biyu ya kira har da tafi, ya wuce. Ta uku sai ga shi a shagona yana huci.

"Tela, yayanka minista ya zama ne?"

"Ba a sanar da mu ba tukuna."

"Ina kira yana kallon gaba kamar gawa a motar asibiti. Mutum ya sha sanyin kwana uku ya manta da wanda suka sha rana tare! Na ba wani kayan."

Ba shi kaɗai ba. Mai kwanon rufi ya yi fushi, matar mai fenti ta ce ta gaishe shi bai amsa ba. Mako biyu Dattijuwa tana hawa tana sauka a layin nan wayam, sanyi a gaba, iska a baya. Yaya ya daina barkwanci. Ya zo shagona ya zauna yana kallon keken ɗinki, ni kuwa in mutum ya zauna kusa da ni minti goma bai yi dariya ba, na san ciwon ya yi nisa.

Ranar Asabar 'yar ta zo da abin awonta. Lambar ta fi ta farko.

"Ashe ba zafin ba ne kaɗai," ta ce a hankali. "Baba, ba ni makullin."

"Mamana, ban taɓa roƙonki komai ba. Mako ɗaya."

Ta naɗe abin awonta. "Mako ɗaya. Amma gilashin nan ba zai sauka ba."

Tana fita na ce masa, "Yaya, ita tana asibiti, kai kana titi. Ka sauke abinka mana, wa zai gaya mata?"

"Kai ne farko, da bakinka kamar rariya. Kuma na yi mata alkawari. Alkawari kaya ne, ni kuwa ban taɓa zubar da kaya a hanya ba."

Washegari da safe ya tsaya a ƙofar shagona ya ce in ba shi reza. Na ce, "In gemu ne, ka makara." Bai kula ni ba. Ya nufi ƙaramar tagar nan mai kusurwa uku, ya bi gefenta da rezar a tsanake har ya ɓare gam ɗin duka. Ya tura ta da yatsa, ta juya. Faɗin tafin hannu ne kawai. Na yanko masa guntun roba irin ta ƙugun wando muka ɗaure ta don kada ta kaɗa. Ya shiga, ya rufe babban gilashi, ya kunna esi, ya zura hannu ta ƙaramar tagar. Iya wuyan hannu ya fita, kamar kan kunkuru.

Mai Sanyi ya zo wucewa a babur ya ci birki. "Maigida! Sanyina zai gudu!"

"Wanda ya gudu sadaka ne ga 'yan layi."

Na shiga gefensa don kada a ba ni labari. Muka gangara a hankali har wurin Mai Katako. Yana tsaye yana auna wani falanki, ya ga hannun, ya kau da kai, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ga minista nan."

Yaya ya taka birki. "Na ji ka, mai kai kamar gindin turmi!"

Mai Katako ya saki awon ya faɗi. Ya matso ya sa baki a 'yar tagar kamar mai sayen tikiti. "Au, kana ji dama?"

"Yau na fara. Akwai kaya ko surutu ne kawai?"

Akwai kaya. Kafin azahar sun yi sawu uku, kuma a na ukun Mai Katako ya shiga gaba ya ƙi fita, wai yana raka kayansa ne.

Da Asabar ta zagayo 'yar ta auna, ta sake aunawa. Lambar ta sauko, ba duka ba, amma ta sauko. Ta fita ta zagaya motar, ta tsaya a gaban ƙaramar tagar tana kallon robar wandona.

"Babban gilashi bai sauka ba ko sau ɗaya," in ji Yaya. "Ga shaidarki nan."

Na ɗaga hannu. Ta bar makullin a jikin ƙusa, sai dai na ga ta bi layin shago-shago kafin ta tafi. Ban gane me ta ƙulla ba sai ranar Litinin, da Dattijuwa ta fito Mai Katako ya ƙwala kira.

"Hannu-Waje! Ka sha maganinka?"

Mai kwanon rufi ya ɗauka, matar mai fenti ta ɗauka. Yanzu ba mai ba shi kaya sai ya amsa wannan tambayar, kuma ba halin ya ce bai ji ba, shi ya buɗe tagar da kansa.

Shekara biyu ke nan makullin yana jikin ƙusarsa. Dantsen nan na aro ya washe ya dawo daidai da ɗan'uwansa. Baƙin ya tsaya iya wuyan hannu, sai ka ce safar hannu ɗaya ya saka ya manta da ɗayar a gida.