Kwado a Ƙofar Baya

Tasallah maƙwabciyata ce a unguwar Ƙuba, a ƙasa mai tsarki, kuma wallahi taurin kanta ko jaki albarka. Tun tana amarya take sayar wa mutanenmu farfesun kai da ƙafa. Mijinta Abdulmajid mahauci ne a wata masana'antar nama a bayan gari. Kullum bayan la'asar sai ya miƙo mata kawunan tumaki da ƙafafun da za a zubar ta ƙofar baya. Mudir, wato manajan wurin, ya gani, ya ce sata ce, ya garƙama wa ƙofar kwado.

Bayan sati uku bututun gas ya fashe, wuta ta tare ƙofar gaba. Gawar mutum tara aka samu a bakin ƙofar baya, har da Abdulmajid. Tasallah na waje, ta zo kai masa abinci, tana jin suna dukan ƙarfen. Har gobe cewa take saboda ita aka rufe ƙofar. Na yi lallashin duniya, amma ina!

Shekara ashirin da biyu ke nan. Bara 'yarta Sundus, wadda uban ya bari a goye, ta samu aikin ƙulla nama a leda a wata sabuwar masana'anta, bayan shekara uku tana nema. Ranar farko Tasallah ta zura abaya ta bi ta. Ba ta tambayi komai ba sai ƙofar baya. Ai kuwa ga kwado, ga kwalaye jibge har rufi.

Sai ta zauna daɓas a ƙasa.

"Ummi, aib, abin kunya ne! Tashi don Allah," in ji Sundus, kamar ta nutse.

Mudirin wurin ya zo yana huci, ya ce in ba ta tashi ba 'yarta ta rasa aiki. Tasallah ta dube shi, da Larabcinta na kasuwa ta ce, "Ka taɓa jin mutum tara suna dukan ƙofa? Ni na ji. Buɗe, ko in kira 'yan kwana-kwana su zo su gani."

Kafin azahar an kwashe kwalaye, an cire kwado. Kafin la'asar an sallami Sundus.

Yarinya ta yi wata biyu ko gaisuwa babu. Ni ma haushi ya ishe ni, na shiga gidan na ce, "To Tasallah, me gari ya waya? Kin raba yarinya da abincinta."

Tana babbake ƙafar tunkiya, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Bar ta ta yi fushinta, Asma," in ji ta. "Ai mai rai ke fushi."