Siririyar Sanda da Kifin Roba

Shekarar da kafaɗata ta dama ta daina iya jefa birgi, tarun nan da ake wurgawa a ruwa, 'ya'yana suka yi shawara ba da ni ba. Suka ce in bar ruwa. Ni kuwa a bakin gulbi na tashi, tun kafin a yi madatsar Bakolori, kuma ban san abin da mutum ke yi da safiyarsa ba in ba neman kifi ba.

Babban ɗana da ke aiki a Fatakwal shi ya nema mini sassauci. Ya ce ba shiga jirgi, ba birgi, amma in zan iya kamu daga gaɓa da sandar fatsa ta zamani, za su ƙyale ni. In kuwa har damina ta faɗi kifi bai kula ni ba, in zauna gida. Ya aiko mini da ƙunshin kifayen roba, masu laushi, wutsiyarsu tana rawa ko da iska aka hura musu. Sanda kuwa ya ce in zaɓa da hannuna, akwai mai kayan kamun kifi a Mafara da ke kawowa daga kudu.

Zaɓen nan shi ya hana ni sukuni, don akwai tsohuwar ɓarna tsakanina da irin wannan sanda. Lokacin da ɗan nan nawa yake saurayi ya taɓa kawo ɗaya gida yana murna. Na karɓa na gwada ta yadda muke gwada gora, na kama kai da gindi na tanƙwara a gwiwa. Ta karye. Maimakon in ba shi haƙuri, sai na yi dariya a gaban masunta, na ce kayan wasa ne. Bai ƙara shiga jirgina ba.

Ranar Talata na hau mashin daga wajenmu ta Maradun zuwa Mafara. Taubashina, wani manomin albasa na Bakura, yana jirana a bakin kasuwa.

"Sarkin ruwa ya hito tudu," in ji shi. "An ce yanzu da takalmin roba za ka yaudari kifi."

"Kai da ruwan randa ma ke ba ka tsoro, mi kas sani?"

Muka isa rumfar. Mai kayan ya jingina sandunan a bango. Idona ya tafi kan wata mai kauri kamar ƙotar fartanya. Na ɗauka, na ji nauyinta ya cika mini hannu, zuciyata ta ɗan kwanta. Wannan ko giwan ruwa ta kama, za ta fid da shi. Kafin in ankara gwiwata ta riga ta ɗago.

Mai kayan ya riƙe mini hannu. "Baba, don Allah ba a nan ba. Ba gora ba ce."

Na sauke ƙafa, gumi ya karyo mini. Ashe shekarun nan duka hannuna bai koyi kome ba. Na ciro waya na kira ɗana, na ce na samu mai ƙarfi, zan ɗauka.

Ya ce, "Baba, kifin roban nan ba shi da nauyi. Mai kauri ba za ta jefa shi ko'ina ba, a gabanka zai faɗi. Kuma ba tsutsa ba ce da kifi zai haɗiye. Ɗanɗanawa yake ya tofar. In sanda ba ta gaya ma hannunka ba a lokacin, shi ke nan."

"To yaya zan gane mai faɗa?"

"Wa ke kusa da kai?"

"Wanga tsoho na Bakura."

"Ɗora bakin sandar a maƙogwaronsa, ya yi magana, kai kuma ka riƙe gindin."

Taubashina ya ja da baya. "Yanka ni za ku yi, kai da ɗanka?"

Da ƙyar ya tsaya. Na ɗora mai kaurin, ya fara zagin masunta, wai duk warin ƙarni muke. Kunnena ya ji, hannuna bai ji kome ba. Sai na ɗauko wata siririya wadda tun farko na raina, bakinta kamar tsinken tsintsiya. Ya ci gaba da zagi. Nan take na ji muryarsa tana kaɗawa a tafin hannuna, kamar ƙuda a cikin kwalba.

Ita na ɗauka, amma hankalina bai kwanta ba. Duk hanyar komawa na rungume ta a kan mashin, kowane rami muka faɗa sai gabana ya faɗi. In ta karye a hannuna, da wane baki zan faɗa masa?

Satin farko wahala ce zalla. Hannun da ya saba da birgi yana jifa da dukan jiki, zare ya cukurkuɗe, kafaɗa ta yi tsami. A hankali na gane sandar ce ke jifan, nawa kawai in karkaɗa wuyan hannu. Amma kifi shiru. Masunta suna wucewa a jirage, suna gaishe ni da irin gaisuwar da ake yi wa majiyyaci. Hadari kuma ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma.

Wata safiya, ina jan zare a hankali kusa da wasu duwatsu, sai na ji ɗan bugu a tafina, irin na maƙogwaron taubashina. Na fizga, amma na makara. Da na naɗo zaren, kifin roban ya dawo ba wutsiya, an datse ta tas. Na san wannan haƙorin. Tsage ne, kifin nan mai haƙora kamar zarto.

Na zauna a kan dutse, na kira Fatakwal.

"Ban kama ba," na ce. "Amma na ji shi."

"A hannu ka ji?"

"A hannu."

"To ai ya kula ka, Baba. Zan gaya wa sauran." Sai ya ƙara da cewa, "Akwai wuri kusa da kai a kan dutsen? In na zo da Sallah zan taho da tawa."

Na ce akwai. Na cire guntun roban na sa a aljihu, na soka wani a ƙugiya.