Ranar da Yaya Ya Ba Baba Zaɓi

A gidanmu ba a sayen abu sai Baba ya sa masa ido. Taya, buhun gero, ragon layya, har tabarmar zaure, shi ke ɗagawa ya juya ya ce wanga na da kyau, wancan jabu ne. Ya tsufa yana jan fasinja tsakanin Jibiya da Maraɗi, kuma a tasha ana cewa tun daga nesa yake gane jandarman Nijar da ya tashi da fushi. Da idon nan yake taƙama, da shi ya ciyar da mu.

To idon ne ya fara cin amanarsa bayan rasuwar Inna, mahaifiyarmu. Duk mun lura. Ya taka akuya a hanyar Riko ya ce ita ta faɗo masa. Ya kusa hawa amalanken shanu wajen Bugaje ya ce rana ce ta kashe masa ido. Yayanmu, babban ɗansa, wanda ya daɗe yana haɗiyar miyau a kan motar, ya yi masa maganar ajiye makulli. Baba ya ce ranar da aka kama idonsa da ƙarya, ranar zai ajiye. Kash! Da ya san wa ya haifa, da bai faɗi haka ba.

Ni kuwa aikina buga wa 'yan kasuwa takardu a bakin boda, don haka ina da kwamfuta. A cikinta akwai bidiyon bikin ƙanwarmu, ɗauka mai kyau, har zaren mayafi kana iya gani. Inna na ciki, tana raba goro tana yi wa mata tsiya. Baba kan sa ni in kunna masa, ya kawo fuska dab da gilashin, sannan ya ja tsaki ya ce allon ya yi ƙanƙanta. Yana son ya gan ta a babbar talabijin ɗin falo.

Talabijin ɗin tsohuwa ce, ba ta magana da kwamfuta ta iska. Sai an sayi ɗan akwatin nan da ake jona mata da waya, shi ya jawo hoton daga kwamfuta ya watsa. Na je wajen wani mai shago, Bamaraɗe, mutumin kirki, ya fito min da iri biyu. Ɗaya daga Kano aka kawo, rubutunsa Turanci, yana fitar da hoto tar, amma idan fayil ya yi nauyi sai ya riƙa tsayawa yana tunani. Ɗayan ta Nijar ya shigo, Faransanci yake yi, ba ya sarƙewa, yana karɓar filas ɗin ajiye bidiyo, sai dai rimot ɗinsa kamar an yi shi da gwangwanin madara. Na rasa na ɗauka. Mai shagon ya ce in tafi da duka biyun a gwada, ai a nan haka ake yi, wanda bai yi ba a maido.

Yaya na ganin kwalayen ya washe baki. Ya ce ai zaɓi na Baba ne, wa ya isa ya sha gabansa? Ya ce a bari sai bayan la'asar. Ni dai na yi murna, na ɗauka ladabi ne ya sauko masa daga sama.

Bayan la'asar sai ga shi da baƙi: shugaban direbobin tasha, da wasu tsofaffin abokan Baba biyu. Wai su zo su ga sabon abu. Aka shimfiɗa darduma, aka kawo fura. Baba ya hakimce a kujerarsa, ya gyara zaman hula.

Na jona na Kano. Sautin na fita ta wata sifika da muka haɗa da akwatin daban, don ta talabijin ta mutu tuntuni. Guɗa ta cika falon, Inna ta bayyana da farantin goro. Wallahi kamar ta shigo ne daga tsakar gida. Baba ya gyaɗa kai ya ce ba laifi, amma a kawo ɗayan.

Yaya ya ce in zauna, shi zai sauya. Ya zagaya bayan talabijin ya yi 'yan taɓe-taɓe, ya dawo ya tsaya ya harɗe hannu. Guɗa ta sake tashi. Amma allon shuɗi ne fetal, babu ko inuwar mutum. Ashe sifika kawai ya jona, ya bar wayar hoton tana lilo a bango.

Na buɗe baki, ya taka min ƙafa da dukkan nauyinsa.

"Baba," in ji shi, murya kamar zuma, "wanga fa? Ya ka gan shi?"

Baba ya sunkuyo gaba, ya ƙanƙance ido. Bidiyon nan ya haddace shi da kunne. Da muryar Inna ta fito, sai fuskarsa ta saki.

"Yawwa! Wanga shi ne na gaske. Ku dube ta, har wushiryarta ta fito. Wancan duk ya dusashe mata fuska."

Ɗaya daga abokan ya ajiye ludayi ya zuba wa darduma ido. Yaya kuwa bai ƙoshi ba, mugun ɗa.

"Wane zane ta ɗaura, Baba?"

"Koren nan mana, mai ganye. Ga shi nan, kai ba ka gani?"

Sai Yaya ya juya ga shugaban tasha ya ce, "Alhaji, don Allah gaya masa abin da ke kan allon. In ni na faɗa zai ce motarsa nake so."

Shugaban ya yi ta murza carbi. Can ya ce, "Malam, babu komai a kai. Shuɗi ne kawai."

Inna na ta dariya a sifika, tana ce wa wata mata ta rage haɗama. Na tashi na kashe, don na kasa jurewa.

Mutane sun ce min Yaya ya ceci rayukan fasinja. Na sani, ba yaro ba ne ni. Amma likitan ido na nan a Katsina, kuma ana iya yin maganar a ɗaki, a rufe ƙofa. Shi a gaban mutanen tasha yake son a yanka, kuma da fuskar uwarsa ya wasa wuƙar. Har gobe ina jin haushinsa, ko a idi hannu kawai muke yi.

Baba bai yi musu ba. Ya laluba aljihun gaba, ya ciro makullin, ya miƙa wajen da yake zaton shugaban yake. Yaya ya sa hannu ya karɓe a hanya. Baƙin suka sulale ɗaya bayan ɗaya, furar ko rabi ba a sha ba.

Da falon ya rage mu uku, Baba ya kira ni a hankali.

"Na farkon, ya fito da ita da kyau?"

Na ce ƙwarai, Baba, kamar ka taɓa ta.

"To a bar shi. Shi na zaɓa."

Yaya na durƙushe yana naɗe wayoyi yana cusa akwatunan a kwalayensu, duka biyun. Ko ɗago kai bai yi ba.

"A bar wa wa, Baba? Ai kai rediyo ya ishe ka."