Kawu da Gidan Rediyon Masu Ihu

Shekaranjiya na kai wayata gyara wani ɗan shago a nan Manchester. Mai gyaran ya ɗora ƙarfensa mai zafi a kan dalma, hayaƙi ya tashi siriri, warinsa ya doki hancina. Haka rigunan Kawu suke wari tun ina ƙarama.

Kawu ƙanen Mama ne. A Kaduna ya koyi aikin injiniyan rediyo, ya zo Birmingham ƙaro karatu, ya sauka a gidanmu na Small Heath, a ɗan ɗakin sama mai kallon bayan gidajen maƙwabta. Da ya gama karatun ya nemi aiki har ya gaji. Inda aka karɓe shi kaɗai wani sabon gidan rediyo ne mai zaman kansa, wanda ba ya sa komai sai kiɗan rok na Turawa. Wasu abokai ne suka kafa shi a saman shagon kafet a unguwar Aston, tallar masu sayar da taya da gidajen abinci ce ke riƙe da shi.

Baba likita ne, mutum mai gudun abin da za a faɗa a ƙofar masallaci. Muna cin tuwo Kawu ya kawo labarin.

"Yanzu duk karatun nan naka a gidan masu ihu zai ƙare?" in ji Baba.

"Yaya, ni ba ruwana da abin da suke rerawa. Nawa waya ce da na'ura."

Daga ranar, in baƙi suka tambayi aikin Kawu, sai Baba ya ce harkar lantarki yake yi.

Ba zan ɓoye maka ba, Kawu bai taɓa son kiɗan nan ba. Da auduga yake toshe kunne. Amma gidan ya shiga ransa. Wani hutun makaranta, lokacin sanyin da ƙarfe huɗu take yi kamar magariba, ya tafi da ni. Matakalar tana warin sabon kafet da tsohuwar taba. A can na ga wani ƙaton Bature, gashi har gadon baya, hannayensa duk zane. Na ɓuya bayan Kawu. Ashe shi ne mai shirin safe, kuma shi ya kwashe fayafayai daga sito don Kawu ya sami wurin salla. Da azumi, a waje yake cin abincinsa cikin iska, kada ƙamshi ya dami mai azumi. Ran wata ƙaramar salla ya tsai da kiɗa, ya yi wa injiniyansu barka da salla da Hausar da ba ta fita. Mama da ta ji a rediyo ta yi ta dariya a kicin har da hawaye.

Shekaru suka tafi, gidan ya bunƙasa. Direbobin bas da ma'aikatan masana'antu duk shi suke kamawa. Bunƙasar ce ta jawo masa. Wani babban kamfani ya saye shi, aka tara ma'aikata aka ce ba abin da zai canza. Kafin shekara biyu an sake masa suna, an haɗe shi da wani gidan a Manchester. Mai gashin nan da wasiƙa aka sallame shi. Kawu kuwa aka ce ya zaɓa, ko ya bi aikin zuwa Manchester ko ya ajiye.

A lokacin ya riga ya yi aure, 'ya'yansa uku suna makaranta a unguwar Handsworth ta Birmingham. Sai ya bi. Kullum bayan asuba yake kama jirgin ƙasa, ba ya dawowa sai yara sun ci abinci. Ina jami'a a lokacin, duk zuwan da na yi hutu sai na tarar ya ƙara ranƙwafawa. Ya daina ba da labarin wurin aiki.

Ranar da ya fi ba ni tausayi ita ce ranar da aka tura shi Aston ya kwance kayan tsohon ɗakin watsa shirye-shirye. Ya biyo gidanmu da yamma, ya zauna bai cire kwat ba. Mama ta ajiye masa shayi, ya huce a gabansa.

"Da hannuna na haɗa wayoyin nan," ya ce. "Yau da hannuna na yanke su."

Bayan wasu shekaru na Manchester ma aka rufe. Aka sallami Kawu da katin bankwana da agogo.

Yanzu ni ma nan aiki ya kawo ni, ina tsaye a kantin magani daga safe har ƙafata ta kumbura. Sunan da kamfanin ya sa wa tashar yana nan a rediyon mota, kiɗan ma yana nan. Watan jiya na je Birmingham na ɗauki Kawu zan kai shi wurin likita, sai na kunna masa, a zatona zai ji daɗi. Ya karkata kunnensa mai ɗan sauran ji, ya saurara har muka wuce danja biyu.

"Ba kowa a ɗakin shirin nan," ya ce. "Na'ura ce kawai ke magana. Kashe, 'yata."

Na kashe. Ni da na girma da tashar ban taɓa lura ba, kuma na san 'ya'yana ba za su ma san akwai abin lura ba.