Inda Ruwa Ya Kwanta

Shekara bakwai ke nan da teku ta ɗauke yayana Isufu, kuma ni ne na nuna masa wurin da zai shiga.

Mu 'yan Gaya ne, a bakin kogin Kwara. Isufu a ruwa ya girma, yakan ƙetare kogin da rigarsa ɗaure a ka ba ta jiƙe ba. Ni kuwa tun ina ƙarami aka kai ni riƙo Dogondutsi, na tashi ban iya iyo ko a tafki ba. A birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, muka sake haɗuwa, gida ɗaya a bayan High Point Road, muna sayen tsofaffin motoci muna aikawa Kwatano.

Ranar da abin ya faru, mota muka kai tashar jirgin ruwa, tafiyar awa uku da wani abu. A dawowa muka yi ɓatan kai. Isufu ba ya tambayar hanya, gara ya ƙone mai. Muna ta musu har kwalta ta ƙare a gindin wani tudun yashi. Muka hau, sai ga ruwa ba iyaka, yana tasowa ya fi tsayin mutum, ya naɗe, ya faɗi da ƙara. Can nesa wasu Turawa biyu suna hawansa a kan katako. Ban taɓa ganin Isufu ya yi farin ciki irin na wannan lokacin ba. Mutum mai mata da 'ya, yana tsalle yana tuɓe takalmi.

Na roƙe shi kada ya shiga, ya yi mini dariya. Da na ga ba zai hanu ba, sai na tuna abin da kowace uwa a Gaya take gaya wa ɗanta: ka guji inda ruwa yake tafasa, ka shiga inda ya kwanta. Na duba, na ga wani tsagi tsakanin igiyoyin ruwan, lumui, ba kumfa. Na ce, "Yaya, in dole sai ka shiga, shiga ta can."

Ya shiga. Na ga kansa yana ƙanƙancewa. Na kutsa har ruwa ya kai mini gwiwa, na tsaya, ina kiran sunansa, ina kiran Allah, Turancina duk ya gudu. Turawan nan ne suka fito da shi, amma lokaci ya riga ya wuce. Ɗayansu ya yi mini bayani a hankali cewa ta wannan tsagin ne ruwan da ya bugi gaɓa yake komawa ciki da ƙarfi. Bai san ni na zaɓa ba. Ban gaya wa kowa ba, har matarsa.

Makon jiya matar tasa ta miƙo mini takarda daga lakwal, wato makarantar Ramatu, 'yarsa, wadda yanzu take da shekara goma sha uku. Za a kai 'yan ajinsu bakin teku, ana son sa hannun waliyyi. Ta ce, "Kai ne ubanta yanzu. Abin da ka ce shi ke nan." Kwana huɗu takardar tana aljihuna. Na san abin da Isufu zai ce, dariya zai yi mini, ya ce 'yar Gaya ce ake ɓoye wa ruwa? Yarinyar ta ɗebo shi kaf: faɗin kafaɗa, taurin kai, da rashin tambayar hanya. Ko na hana ta bana, ba zan iya tsare ta har abada ba.

Na zaunar da ita, na zana igiyoyi a bayan takardar, na bar tsagi a tsakiya. Kafin in buɗe baki ta ɗora yatsa a kai, ta ce da Turanci, tana kirana da sunan baffa da ta saba, "Tonton, nan ne ba a shiga. An koya mana, kowa ya sani."

Kowa ya sani. Na sa hannu.

Ran Juma'a za su tafi. Sauran maganar kuwa, cewa ni na nuna wa ubanta tsagin, na kasa faɗa mata, shi ya sa na rubuta a nan, da Hausa, don na san ba ta iya karantawa ba.